Keken Haɗi Ko Na Kanti: Waiwaye Daga Ƙofar Wambai

A zamanin da keke ke tashe a Kano, ba kasafai yake isowa kanti a haɗe ba. Cikin akwati yake zuwa: bodi daban, rim daban, sifok a ɗaure cikin takarda mai maiƙo, boris a ƙulle a gefe. Sai mai kanti ya miƙa wa masu haɗi, su baje a ƙasa da sifana da gwangwanin giris, su saƙa wili sifok bayan sifok, su ɗaura birki, su ja sarƙa har ta zauna daidai. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun sayi keke iri ɗaya a rana ɗaya, na wannan ya yi shekara da shekaru wili bai yi rawa ba, na wancan kuwa kafin damina ta fita ya fara kuka. Ƙarfen ɗaya ne, hannun da ya haɗa ne ya bambanta. Iyayenmu sun san haka. Idan za su sayi keke ba sa zuwa su kaɗai, sai da wanda ya san kan abin, kuma da an gama ciniki tambayar da ke biyo baya ita ce: wa zai haɗa?

Wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Wambai da sassafe a shekarun 1970 ya ga abin da nake faɗa. Ƙofar tana fuskantar Fagge ne, don haka ta nan mutanen cikin birni da yawa ke fita neman abinci, daga Koki da wajajen Kurmi da Dala, wasu zuwa Kantin Kwari, wasu Sabon Gari, wasu su miƙe har kamfanonin Bompai. Kekuna ne jere-jere, ƙararrawa na tashi ta ko'ina. Rali shi ne kan gaba. Asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila, inda kamfanin Raleigh ya kafu a ƙarshen shekarun 1880, kuma kasuwarsa ta yi ƙarfi a ƙasar nan har sai da aka buɗe masa masana'anta a Bompai. Daga baya Phoenix ya shigo daga Shanghai, Hero kuma daga Ludhiana ta Indiya, suka fi shi sauƙin kuɗi. Keke a lokacin dukiya ne. Tun zamanin En'e lasin ake yanka masa, kuma mai shi ba ya barinsa yadda ya saye shi. Za a naɗe bodi da leda mai launi don kada fenti ya ƙuje, a sa madubi biyu, a ɗaura dinamo, a canza sirdi, a ƙara wa kariya ƙarfi saboda goyo ko buhu. Ko a wancan lokaci, saye da haɗi tare suke tafiya.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya faɗo a 1975, ma'aikaci ya jingine keke ya hau babur. Baburan Sin masu araha suka cika gari a farkon shekarun 2000, sana'ar acaɓa ta bunƙasa, yaran masu gyaran keke suka koma gyaran babur. Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta gaji titi. Keke ya zama na 'yan makaranta da masu kawo kayan gwari daga ƙauye. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu. Daga nan aka fara zaro tsofaffin kekuna daga zaure da sito ana kaɗe musu ƙura.

Amma samarin da suka dawo kan keke yanzu ba Rali ne a ransu ba. A wayoyinsu suna ganin wani siririn keke, babu madigadi, babu kariya, babu wayoyin giya, sau da yawa ko birki babu, suna kiransa fiksi. Tambayar da na sha ji a bakinsu ita ce, gara mutum ya tara kaya ya haɗa nasa yadda ransa ke so, ko ya sayi wanda aka gama ya huta?

Duk keken da muka saba da shi yana da firwil a wilin baya. Shi ke ba ka damar tsayar da ƙafa keke na ci gaba da tafiya, kana jin wannan ƙas-ƙas ɗin a bayanka. Fiksi ba shi da shi. Ƙaramin farantin haƙoran baya a ɗaure yake tamau da hob, don haka muddin wili na juyawa feda na juyawa, ko ka so ko ka ƙi. In ka turje wa feda keke ya rage gudu, in ka juya ta baya ya yi baya. Ba sabon abu ba ne kuma. Keken Rover da John Kemp Starley ya fitar a Coventry a 1885, wanda daga gare shi keken yau ya samo siffarsa, haka yake. Firwil sai a ƙarshen shekarun 1890 ya fara yaɗuwa. Gasar Tour de France da aka soma a 1903 ba ta yarda da giyar canji ba sai 1937. Kafin nan ɗan tsere idan ya zo hawan dutse sauka yake ya kwance wilin baya ya juya shi zuwa farantin da ke ɗaya gefen. Inda fiksi ya zauna daram shi ne filin tseren keke mai kewaye da gangare, irin wanda aka gina a Abuja don wasannin Afirka na 2003. A irin wannan fili Major Taylor, baƙar fata ɗan Amurka, ya zama zakaran duniya a Montreal a 1899, kuma a Japan tun 1948 ake tseren Keirin a kan irin keken. A can ba a sa birki, domin kowa hanya ɗaya ya fuskanta, babu mai tsallaka titi, kuma wanda ya ja birki a tsakiyar tawaga zai kayar da na bayansa. 'Yan aiken kai takardu na New York ne suka yi fice da shi a kan titi a shekarun 1980, saboda abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne, abin da ɓarawo zai kwance ma kaɗan ne. Daga wurinsu ya zama yayi.

Ina ganin dalilin 'yan aiken nan ya fi ƙarfi a Kano. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne. In ka cire Dala da Goron Dutse da gadojin saman da aka yi a 'yan shekarun nan, babu hawan da zai sa ka nemi giya. Ƙurar hunturu kuwa ba ta raga wa giyar canji. Duk wanda ya riƙe keken gwanjo mai giya 18 ko 21 ya san yadda ƙura ke haɗuwa da mai ta cinye haƙora da sarƙa, giya ta fara tsalle, ƙarshenta mai gyara ya ɗaure ta wuri ɗaya ya ce a yi haƙuri. Da yawa daga kekunan giya da ke yawo a garin nan a giya ɗaya suke tafiya. Saboda haka ban ɗauki samarin nan a matsayin masu bin yayi kawai ba. Akwai hankali a cikin abin da suke so.

Mutumin Ƙofar Wambai ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan zaɓi ba, domin kullum yana gabansa a harkar sutura. Ga dilar gwanjo an fasa, ka ɗaga riga ka gwada ka biya ka tafi. Ga kuma yadi a Kwari, ka yanko ka kai wa tela ya auna ka. Ɗinki ya fi zama a jiki, amma sai ka san yadi, ka san telanka, ka kuma jure jira. Abin da ke jan samari zuwa haɗi ke nan: bodi daidai tsayinsu, kai irin wanda suke so, launin da suka zaɓa, kuma duk notin da ke jiki sun san shi. Buri ne mai kyau. Yaron da ya haɗa keke da hannunsa ba zai tsaya a hanya yana rarraba ido don sarƙa ta faɗi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawansu sun ɗauka tun da kayan fiksi kaɗan ne, to haɗinsa ma araha ne kuma sauƙi ne.

Ɗan yayata na cikinsu. Ya samo tsohon bodi, ya kankare fenti ya fesa masa shuɗi, sannan ya zo ya ce, "Kawu, raka ni wurin mai gyaran nan naku. Walda kawai za a ɗan yi wa firwil ya daina sakewa, shi ke nan an gama." Muka je. Dattijon yana nan inda na san shi, a gindin bango kusa da kasuwa, tayoyi rataye a saman kansa, ga kwanon ruwan da yake neman huji a tub. Ya saurari yaron har ya dasa aya, sannan ya jawo wani tsohon firwil daga akwatinsa ya buɗe shi a tafin hannu. Ciki 'yan harsuna ne guda biyu na ƙarfe da siririyar waya mai tura su, sai ƙananan boris a jere.

"Waɗannan kake so in kashe da wuta," in ji shi. "Zan iya. Amma duba nan."

Ya ɗauko hob, ya murɗa firwil a kan tiredi da hannu. Ya juya shi gaba, ya ɗaure. Ya juya shi baya, ya fara kwancewa.

"Ka gani? Taka feda gaba shi ke ɗaure shi. Kai kuma da baya za ka riƙa tsayawa. Ranar da ɗan Adaidaita ya yanko gabanka ka danne da ƙarfi, gaba ɗayansa zai kwance, feda ta tafi fayau, ba ka da abin kamawa."

"To Baba, a haɗa da hob ɗin a yi waldar mana."

"Wuta ta ci hob, ta gasa boris, ranar da haƙori ya cinye kuma ka zubar da wili gaba ɗaya. Ni dai ba zan yi ba, ɗana. In wani abu ya same ka, ni kawunka zai zo ya tsare."

Dattijon bai taɓa hawa fiksi ba, amma ya ɗora yatsa a kan ainihin wurin. Hob ɗin fiksi na gaskiya tiredi biyu gare shi a gefe ɗaya. Na ciki mai faɗi shi ke karɓar faranti, kuma dama yake ɗaurewa. Na waje ya fi shi ƙanƙanta, hagu yake ɗaurewa, shi ke karɓar zoben kulle. Idan faranti ya nemi kwancewa sai ya ƙara matse zoben, su riƙe juna. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tiredin farantin fiksi daidai yake da na hob ɗin keke na yau da kullum, zai hau sumul, har a yi kwana da kwanaki ana yawo lafiya. Sai ranar da aka fi bukatarsa ya saki.

Wannan ɗaya ne daga tarkunan haɗi, kuma kusan dukkansu na awo ne. Tayar Rali da Phoenix da muke kira 28, faɗin bakin rim ɗinta milimita 635 ne. Tayar da yawancin kekunan gwanjo na Jamus da Holan ke zuwa da ita ma 28 aka rubuta a jikinta, amma 622 ce, kuma ita ce tayar fiksi. Akwai kuma ta tsoffin kekunan tsere mai lamba 27, ita 630 ce. Ido ba zai raba su ba, amma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Tsohon Rali na Ingila ramukan sifok 32 gare shi a gaba, 40 a baya, alhali hob ɗin fiksi yawanci 32 ne ko 36, don haka rim ɗin da aka gada a gida ba lalle ya saƙu da shi ba. Kamfanin Raleigh ma tiredin kansa yake yankawa a gidan feda da wuyan keke, layi 26 a inci ɗaya, sauran kamfanonin Ingila kuwa 24. Wanda ya sayo sabon gidan feda ya tilasta shi a tsohon bodin Rali ya kashe bodin. Sai kuma tsagar da wilin baya ke zama. Fiksi na bukatar doguwar tsaga a kwance, yadda za a ja wili baya a miƙe sarƙa. Yawancin kekunan gwanjo na zamani tsagarsu a tsaye take, gajera, babu wurin ja, kuma ɗan ƙarfen da ke ɗame sarƙa a keken giya ba ya aiki a nan, turjiya ɗaya za ta lanƙwasa shi.

Hatta adadin haƙora akwai lissafi a ciki. Faranti mai 48 a gaba da 16 a baya shi ake yawan gani a hotuna. Duk zagayen feda ɗaya wili ya juya sau uku cif, wajen mita shida da 'yan kai. Da nauyi a tashi cikin cunkoso, sannan duk lokacin da ka ƙame ƙafa taya ta ja ƙasa, wuri ɗaya ne tak a jikinta zai riƙa gogar kwalta har ya huje. Da 17 a baya, gogar za ta rarrabu wuri 17. Ga mai bin lungunan cikin birni yana tsayawa yana tashi, 44 ko 46 a gaba da 17 a baya ya fi sauƙi ga gwiwa da taya.

Batun kuɗi kuwa, haɗi daga tushe ba ya zuwa da araha sai ga wanda ya riga ya mallaki rabin kayan. Masana'anta dubu-dubu take sayen hob da rim da feda, kai kuma ɗai-ɗai za ka saya, kowanne da ribar mai sayarwa a kansa. Abin da babu a kasuwa sai an yi odarsa ta intanet, a biya da dala, a biya kuɗin kawowa, a zauna jira. Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ka ga kowane ƙaramin noti ya zama abin tunani. In kaya ya zo bai yi daidai ba, babu inda za ka mayar. Ga kuma sifanar zoben kulle da ta kwance faranti, waɗanda ba kowane mai gyara ke da su ba. Ƙarancin kayan nan ba a lungunanmu kawai ya tsaya ba. Ese Ukpeseraye, 'yar tseren da ta wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, aron keken fili ta yi daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren Keirin.

Saye ya kawar da duk wannan ciwon kai a rana ɗaya. Kayan sun riga sun dace da juna, ka hau ka gwada kafin ka biya, in bai yi maka ba ka ajiye. Amma shi ma da nasa. Akwai sababbin fiksi masu ƙyalli, rim ja ko kore, sarƙa mai launi, waɗanda kuɗinsu a fenti ya tafi; bodi nauyi, boris na banza, sifok ba a ɗame su daidai ba. Araha ba ta ado. Gwanjo ya fi su ƙarfe mai kyau sau da yawa, sai dai ba ka san abin da ya gani a ƙasarsu ba. Ka shafa ƙarƙashin bututun bodi daf da wuya, in ka ji fenti ya tattare ko ƙarfe ya ɗan kumbura, keken ya taɓa yin karo. Ka kwance notin sirdi ka ga ko sandar na motsi, don wadda ta yi tsatsa ta manne tana iya gagarar kowa. Sannan ka nemi zare, abin da ba ya wuya a Ƙofar Wambai, ka ɗaura a tsagar baya ta dama, ka zagayo da shi ta wuyan keke, ka dawo ka ɗaure a ta hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. In ba su zo ɗaya ba, bodin ya karkace, kuma karkataccen bodi a fiksi sarƙa zai riƙa zubarwa. Ka fifita baƙin ƙarfe a kan alminiyam, domin ƙarfe in ya tsage mai waldar gas na unguwa zai kama shi, alminiyam kuwa sai injin musamman.

A nan ne waiwayen ke da amfani. Abin da ya sa Phoenix da Hero suka zauna a ƙasar Hausa har suka ture Rali ba wai sun fi shi inganci ba ne, kowa ya san ba su fi shi ba. A kan tsarin keken Ingila aka yi su, kuma 'yan kasuwar da suka kawo su sun kawo kayan gyaransu tare. Taya, tub, kota, robar birki, sarƙa, duk kasuwar ƙauyen da ka shiga za ka samu, kuma duk mai gyaran da ke gindin bishiya ya san su ciki da bai. Manomin da ke ɗauko buhun albasa zuwa birni bai damu da wace ƙasa ta ƙera kekensa ba, ya dai san in ya tsaya masa a hanya ba zai kwana a can ba. Iyayenmu da mai gyara suke auna keke, kuma ma'aunin nan bai tsufa ba. Keken da mai gyaran unguwarku zai kalla ya girgiza kai, komai kyansa, wata rana a jingine za a same shi.

Da wannan ma'auni nake ba samari shawara. Wanda bai taɓa hawa fiksi ba kada ya fara da haɗi daga tushe, don bai san tsayin da ya dace da shi ba, bai san haƙoran da ƙafarsa za ta ɗauka ba, bai ma san ko zai so abin ba bayan wata ɗaya. Ya sayi cikakken keke na ƙarfe mai tsaga a kwance, wanda ke tafiya tun ranar farko. Abu ɗaya zai kashe wa kuɗi na gaske, shi ne hob ɗin baya, kuma ya nemi mai fuska biyu, gefe ɗaya fiksi ɗaya gefen firwil, yadda in abin ya gundure shi ko zai ba ƙaninsa aro sai a juya wili. Ya zaɓi faranti mai kauri irin wanda ke cin sarƙar Phoenix, domin faɗinta ɗaya da sarƙar keken fili, kuma ita ce ba ta yankewa a kasuwa. Saƙar wili ya bar wa tsofaffin hannu. Sauran kaya, kai da sirdi da feda, sai ya riƙa canzawa a hankali yadda jiki ya nuna masa. Haka ɗan yayata ya yi daga ƙarshe, da 46 a gaba da 17 a baya. Haɗi daga tushe na wanda ya riga ya yi keke ɗaya ne ya san abin da yake nema, kuma shi ba zan hana shi ba.

Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne birki. Samari na ganin cire shi ne cikar ado, kuma na san akwai masu iya tsayar da keke da ƙafa kawai. Amma tsayawa da ƙafa wilin baya kaɗai take kamawa, alhali idan keke zai tsaya nauyi gaba yake komawa, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin. A Landan, cikin Fabrairun 2016, wani matashi ɗan shekara 18 a kan keken fili marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata 18 a shekarar da ta biyo. Dokar Ingila ta wajabta birkin gaba ga irin wannan keke a kan titi. To a tuna da bakin kasuwar Ƙofar Wambai da la'asar: 'yan Adaidaita na tsayawa ba sanarwa, masu baro da dila a kai, mata da goyo, almajirai na ratsawa a guje. Ran da za a ɗauka a wurin ba na mai keken ba ne kaɗai.

Suturarmu ma sai an kula. A keke mai firwil, in bakin wando ko gefen jallabiya ya shiga sarƙa, sai ka tsayar da ƙafa ka zare. A fiksi feda ba ta tsayawa, za ta naɗe rigar ta fizgo ka ƙasa. Rufin sarƙar da ke jikin tsohon Rali ba don ado aka yi shi ba. A naɗe ƙafar wando, a sa takalmi mai rufi maimakon silifas, a ɗaura wa feda maɗauri don kada ƙafa ta zame feda ta dawo ta doki ƙwauri. A kwana kuma a rage gudu, tun da ba ka da ikon ɗage feda sama, tana iya dukan ƙasa ta ɗaga wilin baya. A gida, kada a kifa keken a bar yara suna juya feda, kuma kada a goge sarƙa da tsumma wili na juyawa, don yatsan da ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori a fiksi ba ya fitowa lafiya.

Abin da ya rage yana hannun 'yan kasuwarmu. Mutanen Kano na zuwa Guangzhou suna cika kwantena, kuma kayan da ake magana a kansu ba su da nauyi ba su da cin wuri. Hob mai fuska biyu mai ramuka 36, faranti mai haƙora 17 da 18 tare da zoben kullensa, sifanar ɗaure shi, taya da tub na 622 masu ɗan kauri da za su jure ramukan titinmu, sai birkin gaba mai dogon hannu da zai kai bakin rim a tsohon bodi. Ranar da aka ga waɗannan a rataye a rumfunan 'yan keke kusa da tayar Phoenix, lissafin da na yi a sama zai canza, kuma yaron da ya zo da tsohon bodi zai iya fita da kekensa a haɗe kafin magariba.